Idodin Isra'ila da Zaman Allah a Tsakiyar Jama'arsa

Babi na 23 na Littafin Firistoci yana cikin wuraren da mu masu wa'azi muke yawan tsallakewa. Mutum ya kai wurin, ya ga jerin kwanaki da watanni da hadayu, sai ya ce a ransa wannan na Yahudawa ne, ya wuce. Amma a 'yan shekarun nan tambayoyi a kan wannan babi sun fara biyo mu har cikin majami'a. Wani ya je ziyara Urushalima ya dawo da ƙahon rago da mayafin addu'a. Wani matashi ya ji koyarwa a wayarsa cewa Kirsimeti da Ista na arna ne, idodin gaskiya su ne na Musa, wanda bai kiyaye su ba kuwa yana cikin hasara. Wurin fasto za su kawo maganar. Ba ya kyautu makiyayi ya yi shiru, ko ya yi faɗa kawai, a kan abin da yake rubuce a littafi na uku na Littafi Mai Tsarki.

Akwai 'yan'uwanmu da wannan babi bai taɓa zama baƙo a gare su ba, wato Yahudawan da suka gaskata cewa Yesu Banazare shi ne Almasihun da aka alkawarta wa kakanninsu. Suna kiransa da sunansa na Ibrananci, Yeshuwa, suna kuma ci gaba da kiyaye Asabar da idodin da suka gada. A wannan darasi za mu bi idodin tare da su, mu ga abin da suke gani a ciki, mu kuma auna shi da Nassi. Zaren da za mu riƙe guda ɗaya ne: yaya Allah mai tsarki yake zama tare da mutanen da ba su da tsarki?

Kaɗan daga tarihinsu

Ikkilisiyar farko a Urushalima ta Yahudawa ce. Bitrus da Yahaya suna zuwa Haikali a lokacin addu'a (Ayyukan Manzanni 3:1). Bulus ya yi ta sauri domin ya isa Urushalima kafin Fentikos (20:16), da ya isa kuwa dattawa suka nuna masa cewa Yahudawa dubbai sun ba da gaskiya ba tare da sun saki Shari'ar Musa ba (21:20). Tambayar da ta tara manzanni a babi na 15 ita ce ko al'ummai za su iya bin Yesu ba sai sun zama Yahudawa ba. Cikin 'yan ƙarnuka tambayar ta juye, ta zama ko Bayahude zai iya bin Yesu yana nan a Bayahudensa, kuma sau da yawa Ikkilisiya ta ce a'a. Taron Nisiya na shekara ta 325 ya raba lissafin Ista da lissafin Yahudawa. A 386 da 387 Yahaya Kirisostom ya yi jerin wa'azi masu zafi a Antakiya a kan Kiristocin da suke halartar idodin Yahudawa. Abin da ya biyo baya a ƙasashen Turai, na baftismar dole da kora da kisa, abin kunya ne ga sunan Almasihu, ya kamata kuma kowane ɗalibin tauhidi ya san shi kafin ya buɗe baki a kan Yahudawa.

A ƙarni na 19 ne abin ya fara sakewa. A 1866 Yahudawa masu bi suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. A 1884 Joseph Rabinowitz ya tara jama'ar Yahudawa masu bin Yesu a Kishinev, birnin da yake ƙasar Moldoba a yau, suna sujada a ranar Asabar. A Amurka an kafa irin wannan ƙungiya a 1915, a 1975 kuma ta canja suna, ta bar kiran kanta ta Ibraniyawa Kirista, ta koma ta Yahudawa masu bin Almasihu. Canjin sunan yana da nauyi, domin sanarwa ce cewa ba su bar Yahudanci sun shiga wani gida ba. Sai dai sauran Yahudawa, na kowane ɓangare, ba su yarda da wannan ba, a 1989 kuma Kotun Ƙolin Isra'ila ta yanke cewa a ƙarƙashin dokar komowa ƙasar, Bayahuden da ya gaskata da Yesu ya shiga wani addini. Suna tsaka mai wuya ke nan. Waɗanda a cikinmu suka bi Almasihu daga gidan da ba na masu bi ba, sun san ɗanɗanon wannan ba sai an yi musu bayani ba.

Lokacin saduwa da wurin saduwa

Kalmar Ibrananci da aka fassara mana da idi a wannan babi ita ce mo'ed. Asalin ma'anarta alkawarin haɗuwa ne, kamar yadda mutum biyu za su sa rana su ce mu sadu a wuri kaza. Abin lura shi ne, da wannan kalma ce ake kiran alfarwar da Musa ya kafa a jeji: ohel mo'ed, alfarwar saduwa. Kalma ɗaya ta ɗauki lokaci, ta kuma ɗauki wuri. Allah ne ya sa ranar, shi ne kuma ya nuna wurin, shi ya sa a Littafin Firistoci 23 ya kira idodin nasa, bai kira su na Isra'ila ba.

Akwai kalma ta biyu. A Fitowa 25:8 Allah ya umarta a yi masa wuri mai tsarki domin ya zauna a tsakiyarsu. Kalmar zama a nan ita ce shakan. Daga gare ta aka sami mishkan, wato mazauni, sunan alfarwar na biyu, daga gare ta kuma malaman Yahudawa na baya suka fitar da kalmar Shekina, wadda suke nufin kasancewar Allah a wurin jama'arsa da ita. Mu lura, kalmar Shekina kanta ba ta cikin Tsohon Alkawari, ko da yake muna jinta a bakin masu wa'azi kamar aya ce. Tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu sunan Sakina.

Sai lissafin watanni. Watan Yahudawa yana bin zagayen wata ne, kamar wanda muka saba da shi a ƙasarmu. Bambancin shi ne suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin kada idodin su riƙa zagaya shekara kamar yadda Sallah take yi, yau a damina, bayan wasu shekaru a hunturu. Dole Idin Ƙetarewa ya faɗo lokacin da sha'ir ya nuna, wajen Maris ko Afrilu, Idin Bukkoki kuma lokacin da aka gama tattara amfanin gona, wajen Satumba ko Oktoba. Idodin a ɗaure suke da gona.

Daga Ƙetarewa zuwa Fentikos

Ba za mu daɗe a kan Idin Ƙetarewa ba, domin shi ne muka fi sani. Ran 14 ga wata na fari ake yanka ɗan ragon, daga ran 15 kuma a yi kwana 7 ana cin abinci marar yisti. Bulus ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Ƙetarewa a 1 Korantiyawa 5:7. Abin da muke so mu jaddada shi ne dalilin fitowar. A Fitowa 29:46 Allah ya ce ya fito da su daga Masar ne domin ya zauna a cikinsu. Musa ya gane haka. Bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, da Allah ya ce zai aiki mala'ika ya kai su ƙasar amma shi kansa ba zai tafi tare da su ba, Musa ya roƙa a bar su a jejin in dai haka ne (Fitowa 33). Da yawa a cikin membobinmu, in aka ba su wannan tayi, ƙasar da madara da zuma da mala'ika mai tsaro, sai su karɓa da hannu biyu. Wataƙila mu ma haka.

A teburin Ƙetarewa na Yahudawa a yau akwai gurasa uku marasa yisti. Ana kakkarya ta tsakiya, a naɗe rabinta a ƙyalle a ɓoye, daga baya yara su nemo ta a raba wa kowa. Yahudawa masu bin Almasihu suna ganin mutuwar Yesu da binnewarsa da tashinsa a nan. Hoton yana da kyau. Amma kada mu hau bagade mu ce haka Yesu ya yi da almajiransa, domin tsarin teburin kamar yadda yake yanzu ya ginu ne bayan rushewar Haikali, sauran Yahudawa kuma suna da nasu bayani a kan gurasar ukun.

Na nunan fari ya fi ƙarfi a Nassi. Kashegarin Asabar firist yakan kaɗa damin sha'ir na fari a gaban Ubangiji, kafin nan kuwa ba mai taɓa sabon hatsi. Sadukiyawa sun ce Asabar ta mako ake nufi, Farisiyawa suka ce ranar farko ta idin ce. Idan muka bi lissafin Bisharar Yahaya, a shekarar da aka gicciye Yesu duka biyun sun faɗa a rana guda, Lahadin da aka iske kabari ba kowa. Bulus kuwa ya kira Almasihu nunan fari na matattu (1 Korantiyawa 15:20).

Daga nan a ƙirga kwana 50 zuwa Idin Makonni, wato Fentikos, lokacin girbin alkama. Al'adar Yahudawa ta haɗa wannan idi da ba da Shari'a a Sina'i. A Sina'i wuta ta sauka a kan dutse, aka ja wa mutane iyaka kada su matso. A Ayyukan Manzanni 2 wutar ta rarrabu ta sauka a kan kowane ɗayansu. A gindin Sina'i mutum wajen 3,000 suka mutu (Fitowa 32:28), a Urushalima mutum wajen 3,000 suka sami rai. Mazaunin Allah ya zama jama'ar kanta, kamar yadda Afisawa 2:21-22 ta koyar. Gurasa biyu masu yisti da ake miƙawa a wannan rana, 'yan'uwanmu sukan ce Yahudawa da al'ummai ke nan. Nassi bai faɗi haka ba. Mu yi amfani da shi a matsayin kwatanci, koyarwar kuwa mu ɗauko ta daga Afisawa.

Wata na bakwai

Bayan Fentikos sai a yi kusan wata huɗu ba idi. Ran 1 ga wata na bakwai a busa ƙaho. Shari'a ba ta faɗi abu mai yawa a kan wannan rana ba, daga baya ne ta zama sabuwar shekarar Yahudawa da farkon kwana goma na tuba.

Ran 10 ga watan ita ce Ranar Kafara. Littafin Firistoci 16 ya buɗe da tunin mutuwar 'ya'yan Haruna biyu da suka kusaci Ubangiji yadda suka ga dama. Sau ɗaya a shekara babban firist yakan tuɓe kayan adonsa, ya sa farar lilin, ya shiga bayan labule da turare da jini. Akuya ɗaya a yanka, ɗaya a ɗora mata laifofin jama'a a kai ta jeji. Akwai abin da yakan kuɓuce mana a aya ta 16: kafarar har da Wuri Mai Tsarki da alfarwar kanta ake yi wa, saboda tana zaune a tsakiyar mutane masu ƙazanta. Zunubin jama'a yana ƙazantar da gidan Allah, in kuwa ba a tsabtace gidan ba, Mai gidan zai tashi. Ranar Kafara ita ce abin da ya sa zaman ya ɗore shekara bayan shekara.

Tun da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, ba bagade, ba hadaya. Malaman Yahudawa suka koyar da cewa tuba da addu'a da sadaka sun tsaya a madadinta. A nan ne Yahudawa masu bin Almasihu suka rabu da danginsu rabuwa ta ainihi. Da yawansu suna yin azumin ranar tare da jama'arsu, suna roƙo domin Isra'ila, amma suna karanta Ibraniyawa 9 da 10, inda aka nuna cewa Almasihu ya shiga Wuri Mafi Tsarki na sama da jininsa sau ɗaya, ba sake shiga. Labulen da ya tsage daga sama zuwa ƙasa (Markus 15:38) shi ne shaidarsu.

Kwana biyar kawai ke tsakanin Ranar Kafara da Idin Bukkoki. A gidaje da yawa, da an sha ruwa a daren da azumin ya ƙare sai a fara kafa sandunan bukka. Jerin ya dace: a yi kafara tukuna, sa'an nan a zauna tare.

Idin Bukkoki

Daga ran 15 ga wata na bakwai, kwana 7, kowane ɗan Isra'ila zai bar ɗakinsa ya zauna a bukka, domin zuriya ta san cewa a bukkoki Allah ya zaunar da kakanninsu sa'ad da ya fito da su daga Masar (Littafin Firistoci 23:42-43). Wannan bukka ba baƙuwa ce a gare mu ba. Irin wadda manomi yake kafawa a gona ce don gadin amfani, wadda Ishaya 1:8 ya ambata, irin wadda Yunusa ya yi wa kansa a gabashin Nineba. Dokokin malamai sun ce rufin ya zama na abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi, kamar ganyen dabino ko kara, inuwa ta fi rana yawa a ciki, amma bisa ga al'ada a bar 'yan kafofin da za a hangi taurari. A ciki ake cin abinci, masu himma kuma a ciki suke kwana. Har yau a Urushalima ana ganin bukkokin a barandar benaye da bakin titi.

Mu dubi lokacin da aka sa wannan umarni. Fitowa 23:16 ta kira shi idin tattarawa. An gama girbi, an matse inabi, rumbu ya cika. Daidai lokacin da mutum zai zauna a ƙofar gidansa ya dubi abin da hannunsa ya tara, a lokacin ne aka ce masa ya fita ya kwana a ƙarƙashin kara. Maimaitawar Shari'a 8 ta faɗi haɗarin a fili: ka ci ka ƙoshi, ka gina gida mai kyau, ka manta. Yunwa ba ta cika raba mutum da Allah kamar ƙoshi ba. Duk da haka ba idin baƙin ciki ba ne. Shi ne idin da aka fi umartar yin murna a cikinsa, Yahudawa ma suna kiransa lokacin farin cikinmu. Suna riƙe ganyen dabino da rassan itace mai ƙanshi da na itacen bakin rafi, da wani irin lemo mai kaurin ɓawo da suke kira etrog, suna kaɗa su gabas da kudu da yamma da arewa da sama da ƙasa.

Tsofaffin malamai biyu, Rabbi Eliyeza da Rabbi Akiba, sun yi gardama a kan bukkokin jeji. Ɗaya ya ce bukkoki ne na ainihi. Ɗayan ya ce gajimaren ɗaukakar Allah ne da ya yi musu rumfa. A ganinmu mai wa'azi yana bukatar duka biyun. Ta wajen mutum, kara ne da iska za ta iya ɗauka. Ta wajen Allah, inuwarsa ce, ba kuwa a taɓa samun mafakar da ta fi ta ba.

A wannan idi ne Sulemanu ya keɓe Haikali, gajimare ya cika gidan har firistoci suka kasa tsayawa su yi hidima (1 Sarakuna 8). A tsakiyar addu'arsa Sulemanu ya yi tambayar da ta dace: ashe Allah zai zauna a duniya, shi da sammai ba su ishe shi ba? Bayan kusan shekara 400 Ezekiyel ya ga ɗaukakar tana tashi, daga kan kerubobi zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa ƙofar gabas, sa'an nan ta tsaya a kan dutsen da yake gabashin birnin (babi na 10 da 11). A hankali take tafiya, kamar wanda ba ya son barin gida. A 586 kafin haihuwar Almasihu Babilawa suka ƙone Haikalin. Amma a cikin wannan wahayi ne Allah ya ce shi kansa ya zama wuri mai tsarki ga waɗanda aka kwashe zuwa bauta (11:16). Wannan aya ta cancanci kowane fasto da aka ƙone majami'arsa, ko wanda garkensa yake zaune a sansanin 'yan gudun hijira, ya san inda take.

Da suka komo suka sake gini, tsofaffin da suka san Haikalin farko suka yi kuka da suka ga harsashin na biyu (Ezra 3:12). Annabi Haggai ya kawo musu saƙo ran 21 ga wata na bakwai, wato rana ta bakwai ta Idin Bukkoki, cewa ɗaukakar gidan nan ta ƙarshe za ta fi ta farko (Haggai 2:1-9). Amma ba inda aka rubuta cewa gajimare ya cika Haikali na biyu. Akwatin alkawari ma ba ya ciki. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce ba kome a Wuri Mafi Tsarki. Shekara fiye da 500 babban firist yana shiga ɗakin da ba kome sai dutsen da yake ɗora faranti na turare a kai.

Da wannan a zuciya ya kamata mu karanta Yahaya 1:14. Kalmar Helenanci da aka fassara da zama a wurin, eskenosen, daga kalmar alfarwa take. Kalman ya kafa alfarwarsa a cikinmu, nan da nan kuma Yahaya ya yi maganar ganin ɗaukakarsa. Alfarwa da ɗaukaka tare, kamar a Fitowa 40. A babi na 2 Yesu ya kira jikinsa Haikali.

Babi na 7 zuwa na 9 kuwa a cikin Idin Bukkoki da kewayensa suke. Mishna, littafin al'adun malaman Yahudawa da aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ta bayyana abubuwa biyu da ake yi a Haikali. Kowace safiya firist yakan gangara tafkin Siluwam da tulun zinariya, ya ɗebo ruwa, ya shigo ta Ƙofar Ruwa ana busa ƙaho, ya zuba a bagade. Roƙon ruwan sama ne. A ƙasar Isra'ila ba a ruwa daga wajen Mayu zuwa Satumba, daminarsu tana farawa ne lokacin da tamu take ɗaukewa, saboda haka a ƙarshen idin rijiyoyi sun ja baya, idon kowa yana sama. Da dare kuma a kunna manyan fitilu a filin mata, da lagwanin da aka yi da tsofaffin tufafin firistoci, haskensu ya kai unguwannin birnin. Mishna ta zo shekara 130 bayan rushewar Haikali, don haka ba kowane ɗan bayani nata za mu rantse a kai ba, amma ainihin al'adun biyu tabbatattu ne.

A ranar ƙarshe ta idin Yesu ya miƙe ya ɗaga murya, ya kira duk wanda ƙishi ya dama ya zo ya sha a wurinsa, Yahaya kuma ya bayyana cewa Ruhu yake nufi (7:37-39). Masana sun rabu a kan ko rana ta bakwai ce ko ta takwas. In ta bakwai ce, ya yi maganar ana cikin zuba ruwan. In ta takwas ce, an riga an ajiye tulun sai baɗi. Ko wace ce, masu sauraronsa sun san Ezekiyel 47 da Zakariya 14:8, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga Haikali da Urushalima a kwanakin ƙarshe. Ya sa kansa a gurbin Haikalin ne, shi ya sa gardama ta tashi har aka so kama shi. Sa'an nan a wurin baitulmali, inda fitilun suke tsayawa, ya kira kansa hasken duniya (8:12, 20). A babi na 9 ya aiki makaho ya wanke ido a tafkin nan na Siluwam, ya dawo yana gani.

Idin yana duban al'ummai kuma. A Littafin Ƙidaya 29 ana yanka bijimai 13 a rana ta fari, 12 a ta biyu, ana ragewa har zuwa 7 a rana ta bakwai. Jimla 70, malaman Yahudawa kuwa suka ce domin al'ummai 70 na duniya ne. Zakariya 14:16 ya ga sauran al'ummai suna haurawa Urushalima kowace shekara don wannan idi. A Wahayin Yahaya 7 taron kowace kabila da harshe suna riƙe da ganyen dabino, wanda yake kan kursiyin kuma ya shimfiɗa alfarwarsa a kansu. A 21:3 mazaunin Allah yana tare da mutane, a aya ta 22 kuma Yahaya ya duba birnin bai ga Haikali ba.

Inda za mu taka a hankali

Wasu suna koyar da cewa a Idin Bukkoki aka haifi Yesu, suna lissafi daga zagayen hidimar ƙungiyar Abaija (Luka 1:5). Mai yiwuwa ne, amma kowace ƙungiya tana hidima sau biyu a shekara, Luka kuwa bai faɗi wanne ba ne. Zato ne, a faɗe shi a matsayin zato.

Wanda ya fi haɗari shi ne sa rana. Tun da idodin farkon shekara sun cika a zuwan Almasihu na fari, da yawa suna sa ran na wata na bakwai za su cika a zuwansa na biyu: ƙaho, shari'a, sa'an nan zama tare. Hoton ya yi daidai da Sabon Alkawari, ba mu ƙi shi ba. Amma a 1988 wani Ba'amurke, Edgar Whisenant, ya buga littafin da ya ce za a fyauce Ikkilisiya a idin busa ƙaho na Satumbar wannan shekara, mutane masu yawan gaske suka saya. A 2014 da 2015 aka sake irin wannan hayaniya a kan husufin wata huɗu da suka faɗo a lokacin idodi. Matiyu 24:36 tana nan ba ta canja ba.

To, wajibi ne mu kiyaye idodin? Taron Urushalima bai ɗora wa al'ummai wannan kaya ba. Kolosiyawa 2:16-17 ta hana a hukunta mai bi a kan idi ko tsayawar wata ko Asabar, ta kira su inuwa, ainihin kuwa Almasihu ne. Galatiyawa 4:10-11 ta nuna tsoron Bulus a kan al'umman da suka mai da kiyaye ranaku hanyar samun karɓuwa. Duk wanda ya zo ikkilisiyarmu yana cewa ceto ko albarka sun rataya a kan idin Musa, a zaunar da shi a buɗe masa waɗannan wurare. Haka nan ƙahon rago da mayafin addu'a da kwalbar ruwan Urdun: abin tunawa ne na tafiya, in an mai da su abin da yake jawo kasancewar Allah sun zama laya. Yawancin shugabannin Yahudawa masu bin Almasihu ma ba su ce dole al'ummai su kiyaye idodin ba. Masu tilastawar galibi ba Yahudawa ba ne. Ta ɗaya gefen kuma, 1 Korantiyawa 7:18 da Romawa 14:5-6 ba su ba mu ikon ce wa Bayahude mai bi ya watsar da gadon gidansa ba.

Abin da za mu iya ɗauka ba tare da kwaikwayo ba yana kusa da mu. Ikkilisiyoyinmu suna yin godiyar kaka, ana kawo dawa da masara da doya gaban bagade. Sau da yawa tunaninmu a ranar yakan tsaya a kan nawa aka tara. Maimaitawar Shari'a 16:14 ta lissafta waɗanda dole su kasance cikin murnar Idin Bukkoki: 'ya'ya, bayi, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Wa'azin wannan Lahadi daga Littafin Firistoci 23 da Yahaya 7, tare da tambayar ko baƙon da rikici ya koro zuwa garinmu ya ci daga abin da aka kawo, zai fi busa ƙaho kusa da zuciyar idin.

Akwai rana ta takwas da aka maƙala a ƙarshen idin, ranar taro mai tsarki. A ranar ba a yanka bijimai da yawa, ɗaya tak ake miƙawa (Littafin Ƙidaya 29:36). Malaman Yahudawa suka kwatanta ta da sarkin da ya yi wa mutanen ƙasarsa biki na kwana bakwai, da baƙi suka watse sai ya ce wa amininsa ya tsaya su ɗan ci wani abu su biyu. A wannan rana ce ake ajiye ganyen dabino, a majami'unsu kuma a fara ambaton ruwan sama a cikin addu'a.